Yadda ake yi wa bishiyar lemu rumfar leda ta tsallake sanyin hunturu

Da asubahin ranar 24 ga Disamba 2022 na leƙa ɗan lambuna da tocila a hannu, na tarar zanen gadon da na lulluɓe lemuna da shi ya tafi ya maƙale a shingen maƙwabci, ya sandare kamar busasshiyar fata. A daren nan sanyin birnin Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka, ya sauka har digiri 13 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wato 8 a ma'aunin Faranhait da mutanen nan ke aiki da shi, ga kuma iska mai yanka kamar aska. Bishiya biyu gare ni a lokacin. Ta lemun tsami ta tafi gaba ɗaya. Ta tanjirin ta ƙone har ƙasa, abin da ya rage mata da rai ɗan guntun gindin da na tula wa ƙasa ne, shi ma wani dattijo maƙwabcina ne ya matsa mini na yi, ba don na san amfaninsa ba. Daga guntun nan ta sake tohowa, kuma tun daga shekarar ba ta ƙara shiga hunturu ba sai a cikin rumfa.

Ranar da na fara auna katako uwargida ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, ta ce, "Malam, mutum ya baro Na'ibawa 'Yan Lemo inda ake sauke lemu mota-mota, ya zo nan yana gina wa bishiya guda ɗaki?" Ban ce mata komai ba, don ba ƙarya ta yi ba. Wanda ke Kano ko Zariya ko Maraɗi ba ya bukatar wannan aikin. Jaurarmu tana fasa leɓe da diddige amma ba ta daskarar da ruwan cikin ganye, kuma abin da ke damun lemu a hunturun gida bushewa ce, maganinta ban ruwa. In ka rufe bishiya da leda a Kano dafa ta za ka yi. Aikin na waɗanda zama ya kai inda ruwa ke kwana ya zama ƙanƙara ne: kudancin Amurka, tsakiyar Turkiyya, Turai, arewacin Sin, tsaunukan Afirka ta Kudu.

Ba sabuwar dabara ba ce. A bakin Tafkin Garda da ke arewacin Italiya, a garin Limone, har yau ginshiƙan dutse suna nan tsaye jere-jere a tsofaffin gonakin lemun tsami. A da, idan sanyi ya gabato manoma kan ɗora musu katako da gilasai su rufe gonar ruf, bazara ta yi su kwance. Abin da za mu yi ke nan, sai dai namu na bishiya ɗaya ne, da leda.

San bishiyarka, san sanyinka

Lemu ba ya zubar da ganye ya yi barcin hunturu irin na tuffa. Ganyensa kore ne duk shekara, cike da ruwa, kuma idan ruwan ya daskare sai ya farfasa naman ganyen daga ciki. Amma jurewar ta bambanta ƙwarai. Ƙaramin lemun tsami irin namu na gida shi ne rago, digiri 2 ƙasa da sifili ya ishe shi. Lemun tsamin Meyer, wanda aka kawo Amurka daga Sin a 1908, yakan kai wajen 5 zuwa 6 ƙasa da sifili. Lemun zaƙi da garehul ma nan kusa suke. Jaruman su ne kumkwat, wani ɗan mitsitsin lemu, da tanjirin ɗin Japan da ake kira satsuma, musamman nau'in Owari, wanda babbar bishiyarsa da ta saba da sanyi takan jure har wajen 9 ƙasa da sifili na ɗan lokaci. Shi ya sa manoman kudancin Jojiya suka rungumi satsuma a 'yan shekarun nan. Duk waɗannan alƙaluma na manyan bishiyoyi ne. 'Yar shekara ɗaya ko biyu ba ta kai nan ba, 'ya'yan kuwa, ko na wace iri ne, sukan lalace idan sanyi ya tsaya a digiri 2 zuwa 3 ƙasa da sifili na awa huɗu ko fiye.

In yanzu za ka shuka, nemi mai aure wadda aka ɗora a kan gindin lemun daji mai ganye uku-uku da ƙaya, domin shi ne gindin da ya fi ba bishiya juriyar sanyi. Saya a gandun da ke da izini a jiharka. Kada ka ɗauko dashe daga Fulorida, doka ta tsaurara a kan haka saboda cutar da ta addabi gonakinsu tun 2005, balle ka ce a saƙo maka reshe cikin akwati daga gida. Shuka ta kudu da bangon gida, inda bangon zai tare iskar arewa ya kuma sha rana ya riƙa sakin ɗumi da dare. Guji kwari. Iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarowa take kamar ruwa ta kwanta a inda ya fi zurfi.

Sanyin ma iri biyu ne. Akwai na daren da sama ta yi garau, ba gajimare ba iska, zafin ƙasa ya tashi ya tsere sama, gari ya waye ciyawa ta yi fari fat. Wannan ko bargo ya ishe shi. Akwai kuma na guguwar da ke gangarowa daga arewa ta yi kwana biyu ko uku tana busawa, irin wadda ta faɗa wa Teksas a Fabrairu 2021 da wadda ta ci bishiyata. Don wannan na biyun ake gina rumfa.

Abu ɗaya nake so ya zauna maka kafin ka sayi ko ƙusa: leda ba ta yin zafi. Tarko ce kawai, tana riƙe ɗumin da ke fitowa daga ƙasa da ruwa da fitila. Leda falle ɗaya da ba komai a cikinta, kafin asuba sanyin ciki da na waje sun kusa zama ɗaya, a daren da sama ta yi garau ma ba wani bambanci. Sannan ita wannan ledar da ba ta tsinana komai da dare, da rana tanderu ce. Duk sauran bayanin a kan waɗannan biyun ya ginu.

Shirin yana farawa tun Agusta

Daina ba ta takin zamani mai sa ganye, irin yuriya, daga ƙarshen Agusta. Kada ka yi mata aski da kaka. Duka biyun suna sa ta fitar da sabon toho mai laushi, shi ne kuma sanyi ke fara lashewa. Bar ta ta sha sanyin Oktoba da Nuwamba a fili, domin dararen nan masu ɗan sanyi su ke sa ta rage aiki ta taurara jikinta. Wanda ya yi gaggawar rufe ta tun ranar da ya fara sa rigar sanyi ya hana ta wannan horon. Satsuma takan nuna tsakanin Oktoba da farkon Disamba, don haka tsinke 'ya'yan kafin babban sanyi ya zo.

Kayan aiki

Awon da zan bayar na bishiyar da ta kai ƙirjin mutum ne, tsawo kamar ƙafa 4, faɗin rassa ƙafa 3 zuwa 4. Rumfarta ƙafa 6 ce a kowane gefe. Ƙa'idar ita ce a bar aƙalla ƙafa guda tsakanin ganye da leda ta kowace fuska har sama, domin duk ganyen da ya kwana jingine da leda zai ƙone kamar ba a rufe shi ba.

Kana bukatar ginshiƙi huɗu na katakon tu-bai-fo mai tsawon ƙafa 8, irin wanda aka jiƙa da maganin ruɓa, tunda cikin ƙasa zai zauna. Sai tu-bai-tu mai ƙafa 8 kamar guda 24, da siraran falankai na danne leda, da ƙusa mai murɗi ta aikin waje, wadda za ka iya warwarewa in bazara ta yi. Hinjis shida, huɗu na murfi biyu na ƙofa, ƙugiyoyin kulle murfi, da sakata ɗaya. Ledar kuwa nemi ta gidan rainon tsiro mai kaurin da a Amurka ake ce wa 6 mil, wato maikiron 150, wadda aka yi don ta jure rana shekara huɗu. Mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 70 ta isa falle biyu har da murfi. Ledar masu fenti ta fi araha, amma rana na cinye ta a hunturu guda ta riƙa marmashewa. Sauran kayan su ne durom ɗin roba na lita 200 da 'yan jarkoki, baƙin fenti, bulo kamar goma, tsofaffin barguna, da ma'aunin zafi mai nuna mafi ƙanƙanta da mafi girman abin da aka samu, in da hali mai aiko da saƙo cikin ɗaki.

Wasu da bututun roba na famfo suke yin ƙashin rumfar, su lanƙwasa shi a kan rodi. Yana da sauri da araha, amma iska mai ƙarfi na murɗe shi, kuma robar na cin leda a duk inda suka haɗu sai in an shafe bututun da fenti ko an naɗe shi da tef. Ni katako na zaɓa.

Ginin

Fara da share gindin bishiyar. Kwashe ciyawa da busasshen ganye da duk abin da ka shimfiɗa don riƙe laima, ka bar ƙasa tsirara a duk cikin rumfar. Wannan yakan ba mutane mamaki, don gani suke shimfiɗar ciyawa ɗumi ce. Ɗumi ce ga saiwa, amma tana hana rana shiga ƙasa da yini, ta kuma hana ɗumin ƙasa fitowa ya tarar da rassa da dare.

Auna murabba'i mai ƙafa 6, bishiya a tsakiya amma ta ɗan matso kudu kaɗan don durom ya sami wuri ta arewa. Kafa turaku huɗu, ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta sau biyu. In awon biyu ya zo ɗaya, wajen ƙafa 8 da rabi, murabba'in ya daidaita. Wanda ke Amurka ya kira lamba 811 'yan kwanaki kafin ya haƙa, kyauta za a zo a yi masa alamar inda bututun gas da wayar lantarki suka bi.

Haƙa rami huɗu, zurfin ƙafa ɗaya da rabi. Ginshiƙan arewa biyu ka bar su yadda suke, za su tsaya ƙafa 6 da rabi a sama. Na kudu ka rage musu ƙafa guda, su tsaya 5 da rabi. Wannan gangaren ne zai sa ruwan sama ya zurare, ya kuma fuskantar da murfin wajen rana, wadda a hunturu ta kudu take bi ƙasa-ƙasa. Wanda ke Afirka ta Kudu ko Ostireliya sai ya juya lissafin, gangarensa ya kalli arewa. Mayar da ƙasa kana daddanna ta da ƙotar fartanya kaɗan-kaɗan. Ba sai ka zuba siminti ba.

Yanzu ɗaure ginshiƙan da tu-bai-tu a wuri uku: sama, tsakiya, da daf da ƙasa. A fuskar gabas bar gurbin ƙofa mai faɗin ƙafa 2, yadda za ka shiga da bokiti. Na zaɓi gabas ne saboda a Atlanta iskar sanyi daga arewa maso yamma take zuwa. A kowace kusurwa ta sama buga guntun katako a karkace ya zama tokara. Kada ka raina wannan. Rumfar da ba tokara, in ka jijjiga ta da hannu za ka ga tana rawa, abin da hannunka ya iya kuwa iska ta fi shi iyawa. Daga nan sai ka ɗora katako ɗaya a tsakiyar sama, daga arewa zuwa kudu, wanda murafai za su kwanta a kai.

Murfin ka yi shi biyu, kowanne faɗin ƙafa 3 da tsawon 6 da rabi. Shekarar farko guda ɗaya na yi babba, ya zama sai mutum biyu ke ɗaga shi, iska kuma in ta shiga ƙarƙashinsa kamar filafilan jirgin ruwa. Ɗaura hinjis a katakon arewa, ƙugiyoyi a na kudu. Yanko sanda biyu, ka yi wa kowacce tsaga uku, don ka riƙa tokare murfi kaɗan, ko rabi, ko duka.

Kafin ka sa leda shigar da durom, in ba haka ba ƙofar ba za ta ɗauke shi ba. Sannan ka yi abin da dattijon nan ya koya mini. Nemo wurin aure a gindin bishiyar, wani ɗan kumburi ko lanƙwasa ne da bai fi taki ɗaya daga ƙasa ba. Duk abin da ke sama da shi ne lemun da kake so, na ƙasa gindin daji ne. Ɗebo ƙasa mai tsabta, marar taki da ciyawa, ka tula ta a gindin har ta haura wurin auren da kamar ƙafa guda. Ko komai ya lalace, wuta ta ɗauke, leda ta yage, abin da ke cikin tulin nan zai rayu, kuma a shekara biyu zuwa uku ya mayar maka da bishiya. In ɓeraye sun yi yawa a wurinka, fara zagaye gindin da ragar waya mai ƙananan ido, don su ma ɗumin suke nema, kuma ɓawon lemu abincinsu ne.

Ledar a ranar da ba iska ake sa ta, da hantsi, lokacin da ta ɗan yi laushi. Fara da fallen ciki, ka zagaye ginshiƙan ta ciki kana kama shi da sitafula. Sai fallen waje, ka ja shi ya miƙe sosai, ka danne shi da siraran falankai a kan kowane katako. Sitafula kaɗai ba ta riƙe leda, iska na fara kaɗa ta za ta yage daga bakin ƙarfen. Iskar da ta maƙale tsakanin falle biyun nan ita ce ainihin rigar sanyin, ta fi kaurin ledar kanta amfani. Bar wa fallen waje bakin zane na ƙafa guda a ƙasa, ka shimfiɗa shi waje, ka bi shi da ƙasa da bulo. Murafai da ƙofa su ma falle biyu, ciki da waje. In ka gama shiga ciki ka rufe, ka bi kowace kusurwa da bayan hannunka. Inda ka ji iska, toshe da tsumma ko soso.

Abin da zai ɗumama ta

Na farko ruwa. Shafe durom da baƙin fenti, ka cika shi amma ka bar kamar kashi ɗaya cikin goma, domin ruwa na kumbura in ya daskare. Jarkokin ka jera su ta kudu da yamma inda rana za ta same su ba tare da sun yi wa bishiya inuwa ba. Ga lissafin: lita 200 na ruwa in ta huce da digiri 5 kacal, zafin da ta saki ya kai na ƙwan lantarki mai wat 100 da ya kwana a kunne wajen awa goma sha biyu. Abin da ya fi wannan ma, lokacin da ruwa ke rikiɗa ya zama ƙanƙara, kowace lita tana sakin zafi daidai da wanda za ta saki in ta huce da digiri 80. Wato durom ɗin da ya fara yin ɓawon ƙanƙara a sama bai gaza ba, lokacin ne ma yake tsakiyar aikinsa. Kuma ruwa ba ruwansa da ɗaukewar wuta, wadda a guguwar Teksas ta bar miliyoyin gidaje cikin duhu a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Na biyu laimar ƙasa. Kwana ɗaya ko biyu kafin sanyin da aka yi hasashe, ba bishiyar ruwa sosai da safe. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya ɗaukar zafin rana da riƙe shi, bishiya mai ƙishi kuma ta fi saurin ƙonewa. Jiƙawa na ce, ba a mayar da wurin fadama ba.

Na uku fitila. Tsofaffin fitilun ado na Kirsimeti masu manyan ƙwai, waɗanda ake kira C9, kowane ƙwai wat 7 ne, igiya mai ƙwai 25 ta ba ka wat 175. Naɗa ta a gindi da manyan rassa, ƙwan kada ya taɓa leda ko bargo. Duba kwalin da kyau, domin yawancin na kasuwa yanzu LED ne, haske kawai ba zafi. Na san wanda ya naɗe bishiyarsa da su, ta mutu tana walƙiya kamar amarya. Akwai ɗan soket mai suna Thermo Cube, samfurin TC-3, da ke kunna kansa in sanyi ya sauka wajen digiri 2, ya kashe in ya hau 7. Da shi ba sai ka tashi tsakar dare ba. Wayar ta zama ta aikin waje, mahaɗarta a ɗage daga ƙasa a rufe daga ruwa, a kuma jona ta a soket mai katse wuta da kansa in ruwa ya taɓa, wanda ake kira GFCI.

Na san abin da zuciyar Bahaushe za ta raya masa: kaskon garwashi. Kada ka soma. Leda da katako da bargo duk abincin wuta ne, hayaƙin gawayi ko na risho yana kakkaɓe ganyen lemu, kuma a rufaffen wuri yana iya kayar da kai kanka in ka shiga dubawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Buɗewa, inda aka fi yin asara

A hunturu na biyu, wata Asabar cikin Janairu, muka tafi sunan ɗan wani abokina a can gefen gari. Da safe akwai sanyi, sai na bar murafai a kulle. Rana ta fito tas. Da muka dawo bayan la'asar na buɗe ƙofar rumfar, wani tururi ya buge ni a fuska kamar na buɗe tukunyar dambu, ledar ciki tana ɗigar da gumi, ganyen sama sun lanƙwashe sun yi laushi. A waje mutum na sanye da rigar sanyi, a ciki kuwa Azare ce a watan Afrilu. An gudu ba a tsira ba.

Ƙonewar ganyen ma ba ita ce babbar illar ba. Bishiyar da ta sha ɗumi kwana da kwanaki sai ta ɗauka bazara ta yi, ta warware taurin da ta tara tun Oktoba, ruwa ya hau rassa, idanu su fara kumbura. Sanyin da da za ta shanye ba ko gezau, yanzu shi zai kashe ta. Abin da ya ƙara wa sanyin Disamba 2022 muni ke nan, ya zo ne bayan kwanaki masu ɗumi, ya kuma faɗo cikin 'yan awoyi.

Don haka rumfa a buɗe take zama, rufewa ce ta lokaci-lokaci. Ni ga yadda nake yi. In hasashen dare bai kai sifili ba, murafai da ƙofa a buɗe suke kwana. In zai sauka ƙasa da sifili, ina rufewa kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana, don in kama ɗumin yamma a ciki. Da safe, rana na hawa kan leda sanyin waje kuma ya haura sifili, sai in tokare murfi a tsagar farko. In yinin zai kai digiri 10, a buɗe duka. Burina kada cikin rumfar ya wuce digiri 15 zuwa 18 da rana. Ma'aunin zafin a rataye shi a tsakiyar rassa, a inuwa, ba a jikin leda ko kan durom ba.

Wanda aiki ke fitar da shi tun duhu ya sayi hannun buɗe murfi mai aiki da kakin zuma, irin na gidajen rainon tsiro. Ba ya cin wuta, zafi na narkar da kakin ya tura murfin sama, sanyi ya mayar da shi. Sai dai ranar da za ka kulle murfin da ƙugiya saboda iska, tuna ka zare shi, in ba haka ba zai yi ta turawa har ya lanƙwashe.

Daren da abin ya kai maƙura

In aka ce za a sauka ƙasa da digiri 7 ko 8 a ƙarƙashin sifili, leda falle biyu da durom ba su isa su kaɗai ba. Tun da sauran haske jefa barguna a kan murafai da fuskar arewa da ta yamma, ka ɗora tampol a kansu don kada su jiƙe, ka ɗaure da igiya ta zagaye rumfar sau biyu, ka ɗaure bakin igiyar a jikin bulo. Ta sama zafi ya fi tserewa, don haka in bargo ɗaya gare ka, murfi za ka ba. Kunna fitilun da hannunka ka tabbatar kowane ƙwai na ci. In wuta ta ɗauke, cika jarkoki biyu ko uku da ruwan zafi ka shigar da sauri ka rufe, ka sake wani zubin wajen ƙarfe uku, tunda sanyi gab da fitowar rana yake kai ƙarshensa. Ban da yawan leƙe, kowace buɗe ƙofa asarar ɗumi ce. In dusar ƙanƙara ta taru a kan murfi, ture ta da tsintsiya mai laushi kafin nauyinta ya fasa leda. Idan yinin ma bai haura sifili ba, yaye bargon fuskar kudu kawai rana ta shiga ta ɗumama ruwan, ka mayar da shi da la'asar. Kwana uku a cikin duhu-duhu ba ya yi wa lemu komai.

Idan sanyi ya riga ya taɓa ta

Ajiye almakashi. Ganye zai yi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, hannunka zai riƙa ƙaiƙayin yankewa, amma ba wanda ya isa ya gane iyakar ɓarnar kafin Mayu ko Yuni. Garin neman gira sai a rasa ido. Akwai dai alamu. Ganyen da ya bushe ya zube da kansa cikin mako ɗaya ko biyu albishir ne, reshen na da rai, shi ya sake shi. Wanda ya bushe ya maƙale ƙam, reshen ya tafi. Kankare ɓawo kaɗan da farce: kore mai laima rai ne, ruwan ƙasa busasshe mutuwa. In sabon toho ya fito ya yi ƙwari, sai ka yanke matattun rassa har ka shiga ɗanyen itace kaɗan.

Bishiyar da ba ganye ba ta shan ruwa sosai, rage mata, kada saiwa ta ruɓe. Gindin da ya saba da inuwar ganye kuma rana na iya ƙona shi, shafa masa farin fentin ruwa da aka sirka rabi da rabi. Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure, mai ganye uku-uku da dogayen ƙayoyi, fizge shi tun yana ƙarami. Gindin daji ne, ya fi ƙarfi, in ka bar shi zai mamaye bishiyar ya ba ka 'ya'ya masu ɗaci cike da ƙwallo.

Kwancewa

A yankin Atlanta sanyin ƙarshe yakan faɗo tsakanin ƙarshen Maris da tsakiyar Afrilu, kuma yana da yaudara. A Afrilu 2007 ya dawo bayan itatuwa sun gama fure, ya yi ɓarna a duk kudu maso gabashin Amurka. Saboda haka a hankali nake kwancewa. Farkon Maris in cire ƙofa da ledar kudu, in bar murafai da barguna a kusa. Tulin ƙasar gindi kuwa ba ya wuce Maris, domin in ɗumi da laima suka same shi a rufe, ɓawon na ruɓewa. Da hannu ake janye shi, ba da fartanya ba, sannan a wanke gindin da ruwa a bar shi ya sha iska.

Juya ganye ka duba bayansa. Rufaffen wuri na tara ƙananan gizo-gizo masu sa ganye ya yi ɗigo-ɗigon fari, da ƙwari masu manne wa reshe kamar ƙuraje. Fesa ruwa mai ƙarfi yakan kore na farko, na biyun sai man feshi na lambu, a ranar da ba zafi ba sanyi. Ledar ka wanke ta, ta bushe sarai, ka naɗe ta a inda rana da ɓera ba sa kai wa, ka rubuta wa kowane falle fuskarsa da alƙalami mai kauri, don Nuwamba mai zuwa kada ka tsaya kana juya ta kana tsaki. Ginshiƙai huɗun ina barin su a tsaye. Murafai dai su sauka kafin furen ya buɗe, don a makon da satsuma ta yi fari da fure ƙudan zuma tun hantsi suke sallama.